Gadon Gajarta a Hatsi: Daga Rai Zuwa Dawa

Duk wanda ya ratsa gonakin ƙasar Wudil da kaka zai ga dawa, farfara da kaura, ta yi tsawon da ya kan kai mita uku ko fiye. Wannan tsawo gado ne, kuma ƙwayoyin gado ƙalilan ne ke riƙe da shi. Dogon kara yana cin abincin da ya kamata ya tafi ga zangarniya, kuma idan aka ba shi takin zamani sai ya ƙara miƙewa, iska ta kwantar da shi. Dalili ke nan da ya sa masana kyautata iri suka himmatu wajen neman gajeren hatsi.

Akwai wani hatsi dangin alkama da ake kira rai, wanda ake nomawa a ƙasashen sanyi kamar Rasha da Jamus. A 1972 wani masani ɗan Rasha, Kobylyansky, ya bayyana wata ƙwayar gado mai gajarta shi, wadda aka sa wa suna Ddw1. Ita mai rinjaye ce, watau ko daga ɓangare ɗaya tsiro ya gaje ta, sai ya fito gajere. Wannan babbar fa'ida ce, domin iska ce ke yi wa rai barbara daga tsiro zuwa tsiro.

Sha'anin dawa akasin haka yake. A 1954 Quinby da Karper, a Amurka, sun nuna cewa ƙwayoyi huɗu ne ke gajarta ta, ta hanyar rage tazarar da ke tsakanin gaɓa da gaɓa, kuma tsawo ne ke rinjayarsu. Alal misali, idan aka haɗa doguwa da gajera waɗanda ƙwaya ɗaya ta bambanta su, 'ya'yan duka dogaye ne. Sai a jikoki gajera ke sake ɓullowa, ɗaya cikin huɗu. Saboda haka manomin da ya shuka gajeriyar kaura ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, watau SK 5912, kusa da doguwar dawar maƙwabcinsa, in ya ajiye iri zai riƙa ganin dogaye suna ƙaruwa a gonarsa, har sai ya sabunta irin.

Gajeriyar alkama ita ce ta jawo wa Norman Borlaug lambar Nobel a 1970. Amma a ƙasar Hausa kara dukiya ne: da shi ake darni, da shi ake hura wuta, shi ne kuma abincin shanu da rani, musamman a gari mai babbar kasuwar shanu irin Wudil. Wajibi ne malamin gona ya lissafa kuɗin kara tare da kuɗin tsaba kafin ya shawarci manomi ya sauya iri.