Katun ɗin Japan da ke cikin wayar uwargida

Wata baiwar Allah daga Getso ta aiko da tambaya, ta ce ɗanta ya kai wayarta wajen masu tura fina-finai a Gwarzo, an cika mata ita da wani katun, yara masu manyan idanu suna ta sare-sare da dodanni, ba ta jin ko kalma ɗaya. Wata ma daga Garo ta ƙasar Kabo ta yi irin wannan kuka. To uwargida, matso kusa.

Wannan katun sunansa anime, daga Japan yake fitowa, yaren da kike ji kuwa Japananci ne, fassarar Turanci na gudu a ƙasan hoton. Yawanci labarin yakan fara fitowa ne a littafin zane da suke kira manga, in ya karɓu sai a mayar da shi fim. Irin wanda yaranmu suka fi so an tsara shi ne don samari 'yan makarantar sakandare, shi ya sa jarumin kullum sa'ansu ne. Ga Bleach na 2004, yaro ɗan shekara 15 mai ganin fatalwa. Ga Jujutsu Kaisen na 2020, wanda ɗalibi ya haɗiye yatsan wani mugun abu ya sami ƙarfi.

Amma bari in tsaya a kan Demon Slayer na 2019, don shi na zauna na kalla. Tanjiro ɗan fari ne, maraya, gawayi yake kaiwa gari yana ciyar da uwarsa da ƙannensa. Wata rana ya kwana a hanya, da ya dawo ya tarar dodo ya kashe kowa, sai ƙanwarsa Nezuko, ita ma ta rikiɗe. Maimakon ya gudu, sai ya sa ta a akwati ya goya, ya shiga duniya neman maganinta. Dodannin nan, oni a yarensu, yara kan ce musu aljanu, amma sun fi kama da Dodon tatsuniya: mutane suke ci, dare suke fita, hasken rana ko sare kai da takobi na musamman ne ke kashe su. Wallahi wurin goyon nan sai da na share hawaye.

Sai dai fa inda gizo ke saƙar, mu mun ɗauka duk abin da aka zana na ƙananan yara ne. Ba haka ba ne. Akwai jini, akwai fille kai, wani lokaci da shigar da ba ta dace ba. Fim ɗinsa na 2020, wanda ya fi kowane fim kawo kuɗi a duniya a shekarar, a Amurka ba a barin ɗan ƙasa da shekara 17 ya shiga kallonsa sai da babba. Mu kuwa ɗan shekara biyar na rakuɓe a bayan yayansa, cikin dare ya farka da ihu, a ce ai gamo ya yi.

Kowane kashi bai wuce minti ashirin da 'yan kai ba, kuma a kan ƙaƙa-ni-ka-yi ake yanke shi, don a ja yaro zuwa na gaba. Saboda haka tun kafin a kunna ki yi ciniki: kashi ɗaya ko biyu, bayan an taso daga Islamiyya, ƙanana kuma su koma gefe. Ki sa babban ya zauna kusa da ke yana fassara miki kina tsinke zogalenki. In kin ga ya fara in'ina yana karkatar da wayar, to ki leƙa.