Greg Jenner: Mai Gadin Gaskiya a Gidan Barkwanci

A Ingila akwai wani mutum mai suna Greg Jenner, wanda ya karanci tarihi a Jami'ar York, amma maimakon ya nufi aji da alli sai ya nufi gidan talabijin. Daga 2009, lokacin da tashar yara ta BBC ta fara nuna shirin Horrible Histories, shi ne aka ɗora wa alhakin tantance tarihin da ke ciki. An gina shirin ne a kan littattafan Terry Deary da suka fara fitowa a 1993, waɗanda suka kama zukatan yara da abin da malamai kan tsallake: ƙazantar fada, wautar sarakuna, da magungunan da suka fi cutar kisa.

Mai kallo yakan ga 'yan wasa sanye da kayan sarauta suna rawa da waƙa, ya ɗauka shiririta ce. Bai san wahalar da ke bayan labule ba. Marubutan barkwanci dariya suke nema, kuma dariya tana son gishiri, ga shi aikin Jenner a lokacin shi ne riƙe ludayin. Kafin a ɗauki wasa, sai ya tono littattafai ya ce wannan ya faru, wancan ƙage ne. Har akwai ɓeran wasa da ke leƙowa da ɗan allo yana tabbatar wa yara cewa abin mamakin da suka gani gaskiya ne.

A 2019 ya buɗe shirin sauti na intanet, You're Dead to Me, shi ma a BBC, inda yake haɗa malamin jami'a da ɗan barkwanci a zama ɗaya. Sun taɓa tattauna Mansa Musa na Mali. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙa'idar ƙarshen shirin: kowa zai yi shiru, a ba masanin minti 2 ya warware abin da raha ta dunƙule.

Masu suka suna cewa irin wannan aiki yana mayar da azabar mutanen da abin wasa, kuma ba su rasa hujja ba. Ba kowane yaƙi ko bauta ke ɗaukar zolaya ba. Sai dai ko a 2020, da annobar korona ta rufe makarantu, shi BBC ta ba wa shirin rediyo na koya wa yara tarihi a gida.