Ma'aikacin Kula da Numfashi

A asibitocin Amurka akwai wani ma'aikaci wanda ba likita ba ne, ba kuwa nas ba. Numfashin majiyyaci shi ne aikinsa. Bisa umurnin likita yakan auna ƙarfin huhu, ya shaƙa wa mai asma magani, ya kuma tsare na'urar da ke hura iska in numfashi ya gaza, inda kuskure kaɗan kan jawo hasarar rai.

Mafi ƙarancin karatunsa shekara 2 ne, sa'an nan jarrabawar hukumar NBRC mai ba da shaida iri biyu, watau CRT, da RRT wadda ta fi daraja. Wanda ya ƙware yakan koma sashen bakwaini ko koyarwa.

A nan Nijeriya, galibi likitoci da nas-nas da ma'aikatan gashi ke raba wannan aiki.