A Ji Ta Bakin Baƙo: Amfanin Tarihin Baka ga Ƙungiyoyin Manoma

'Yan'uwa manoma, kowace ƙungiyar gama kai tana da littattafai biyu da muka saba da su. Akwai na ma'aji, inda ake rubuta kuɗin shiga da na fita. Akwai na magatakarda, inda ake rubuta abin da aka shawarta a taro. A wannan fitowa za mu yi magana a kan littafi na uku, wanda yawancin ƙungiyoyi ba su da shi tukuna. Shi ne littafin tarihin baka, watau labarin da mutum ya bayar da bakinsa a kan abin da ya gani, ko abin da iyayensa suka faɗa masa. Za mu fi mai da hankali ga baƙin da ke zaune tare da mu, gama su ne aka fi mantawa da su sa'ad da ake ba da labarin gari.

Su wane ne baƙi a ƙasar Zuru?

Ƙasar Zuru ta ƙunshi ƙananan hukumomi 4: Zuru, Danko-Wasagu, Sakaba da Fakai. Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, suna zaune a nan tare da Fakkawa, Dukawa, Kambari, Acifawa da sauransu. Akwai Hausawa da fatauci ko noma ya kawo daga Katsina da Zamfara, akwai kuma Fulani da shanunsu.

Ƙaura ba baƙon abu ba ne a gare mu. A ƙarni na 19 mutane da yawa sun zauna a kan duwatsu saboda tsoron mahara, musamman na Kwantagora. Turawa sun ci Kwantagora a 1901, daga baya jama'a suka riƙa saukowa fili suna kafa sababbin ƙauyuka. Sa'ad da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci garuruwa a ƙasashen Yawuri da Bussa, aka sake wa mutum fiye da 40,000 matsuguni. Farin 1972 zuwa 1974, da na 1984, ya koro mutane da dabbobi daga Nijar da arewacin Sakkwato zuwa kudu. A zamaninmu kuma 'yan bindiga ne ke tada ƙauyuka. A watan Yuni na 2021, 'yan sanda sun ce an kashe mutum 88 a hari ɗaya a wasu ƙauyukan Danko-Wasagu. Iyalai da yawa sun bar gida da rumbu sun nemi mafaka a manyan garuruwa.

To, baƙi iri-iri ne. Wani ya zo bara, wani kakansa ne ya zo. Wani ya ƙetaro iyakar ƙasa, wani tafiyar yini ɗaya ce ta raba shi da gonarsa.

Me ya sa ba a jin muryar baƙo?

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Amma akwai raɓar da ta shekara 40 ba ta tashi ba. Mutumin da ya yi wannan daɗewa ya haifi 'ya'ya a nan, ya binne iyayensa a nan, duk da haka a wurin taro yakan zauna a baya. Dalilai uku ne suka fi jawo wannan.

Na fari, gonar da yake nomawa ta aro ce, ko ta haya, ko ta jingina. Yana tsoro kada ya yi magana a karɓe. Na biyu, harshe. In ana taro da harshen da bai iya sosai ba, sai ya yi shiru. Na uku, ba ya cikin labarin kafuwar gari. Idan dattawa suna lissafa gidajen da suka sari daji, ba a ambaton wanda ya zo daga baya ya haƙa rijiya, ko ya kawo sabon irin dawa.

Wannan shiru yana da tsada. Ranar rabon taki ko rance, wanda ba a san labarinsa ba shi ake tsallakewa. Mafi muni shi ne zancen gona. Dattijo ya ba baƙo aron fili a gaban shaidu, suka yi shekaru lafiya. Su biyun suka mutu, shaidu ma suka mutu. 'Ya'yan mai gona suna cewa aro ne, 'ya'yan baƙo suna cewa kyauta ce. Ba wanda ke ƙarya da gangan, kowa abin da ya ji a gida yake faɗi. Da an ɗauki maganar dattawan nan biyu tun suna da rai, da rigimar ba ta taso ba. Ku lura, wannan aiki yana kāre mai gona kamar yadda yake kāre baƙo.

Inda aka gwada aka ga amfani

A 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa mai suna Baba, mutuniyar Karo, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta. An buga littafin a 1954. Kakannin Baba Barebari ne da suka zo daga Barno. Ta wurinta duniya ta ji yadda matan ƙauye suka rayu a zamanin harin bayi da zuwan Turawa, abin da takardun ofis ba su rubuta ba.

A ƙarshen shekarun 1980 ƙungiyar SOS Sahel ta aika mutane su saurari tsofaffi fiye da 500, maza da mata, a ƙasashe 8 na bakin hamada, har da Nijar. Cikinsu akwai manoma, makiyaya da 'yan gudun hijira. An buga maganarsu a 1991, domin masu shirya ayyukan raya karkara su ji yadda mutane da kansu suke ganin fari, yunwa da ƙaura.

A Amurka akwai tsibirin Ellis, inda baƙi fiye da miliyan 12 suka bi suka shiga ƙasar daga 1892 zuwa 1954. A 1973 aka fara ɗaukar muryoyin waɗanda suka rage da rai, har yanzu jikokinsu suna saurara. A Kanada kuma, a 1997, kotun ƙoli ta yanke cewa dole a karɓi tarihin baka na 'yan asalin ƙasar a matsayin shaida a shari'ar ƙasa.

Abin da dokar ƙasarmu ta ce

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin riƙe fili a karkara. Amma gonaki masu yawa ba su da takarda. Saboda haka kotu takan saurari tarihi. A 1976 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta lissafa hanyoyi 5 na tabbatar da mallakar fili, ta farko kuwa ita ce shaidar tarihin gargajiya. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 66, ta yarda a kawo tarihin baka na iyali ko na al'umma idan ana gardama a kan filin iyali ko na al'umma. In labari biyu suka saɓa, alƙali yakan duba wanda ke noman wurin a shekarun baya-bayan nan.

Tsarin Mulki na 1999 kuma, a sashe na 41 zuwa 43, ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama inda ya ga dama da mallakar fili a ko'ina, ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila, addini ko wurin da ya fito.

Kada dai wani ya ɗauka littafin ƙungiya takardar mallaka ne. Ba ya maye gurbin mai unguwa, dagaci, hakimi ko kotu. Amfaninsa shi ne ya adana gaskiya kafin masu ita su tafi.

Yadda za a yi aikin

Da fari a zaɓi mutum 4, maza biyu mata biyu. Ya kamata ɗaya cikinsu ya zama baƙo. A sanar da mai unguwa da dagaci tun kafin a fara, don kada a yi zaton wani abu ake ƙullawa.

Kayan aiki ba su da yawa: littafi mai bango mai ƙarfi, biro, da wayar hannu mai ɗaukar murya. A da rakoda da kaset ake nema, yanzu wayar da ke aljihun matasanmu ta isa.

A nemi izini. A gaya wa mutum dalilin zuwa, da waɗanda za su ji, da inda za a ajiye. In ya ƙi, a yi masa godiya a tafi. In ya ce a ɓoye sunansa, a ɓoye.

A bar shi ya yi magana da harshen da ya fi masa sauƙi, ko C'Lela, ko Fulatanci, ko Zabarmanci, ko Hausa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Fassara ta zo daga baya. Mata su je wurin mata, gama akwai abin da mace ba za ta faɗa a gaban namiji ba.

A yi tambayoyi gajeru. Ga misali: Baba, daga ina kuka taso? Me ya tashe ku? Wa ya sauke ku ranar da kuka iso? Wa ya ba ku gona, da wane sharaɗi, a gaban wa? Ina iyakarta, wace bishiya ko wane dutse ne alama? Wane iri ko wace sana'a kuka zo da ita? Me ya fi damunku yanzu? In an yi tambaya, a yi shiru a saurara. Kada a katse, kada a gyara masa magana, kada a sa masa amsa a baki.

Tsofaffi ba safai suke riƙe shekara da lamba ba. A taimake su da abin da kowa ya sani: yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, komawa tuƙi ta hannun dama a 1972, fitowar naira a 1973, makarantar kyauta ta 1976, bushiyar shanu ta 1983, ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Idan tsohuwa ta ce sun iso damina biyu bayan canjin kuɗi, kun san 1975 ke nan.

A rubuta ranar hira, da wurin, da sunan mai tambaya. Bayan an kwafe a littafi, a koma a karanta wa mai labarin. Shi ne zai ce an yi daidai ko a gyara.

Abubuwan da za a yi hattara da su

Mutum yakan manta, yakan kuma gyara labari ya yi wa gidansu daɗi. Don haka a zancen gona kada a tsaya a baki ɗaya. A ji ta bakin baƙo, a ji ta bakin mai masaukinsa, a ji ta maƙwabcin iyaka. Inda suka saɓa a rubuta duka yadda kowa ya faɗa. Mai rubutu ba alƙali ba ne.

Waɗanda hari ya koro suna ɗauke da ciwo a zuciya. Kada a matsa wa gwauruwa ta sake ba da labarin ranar da aka kashe mijinta. In ta yi kuka, a kashe waya a zauna da ita. Kada a ɗauki sunan wanda ake zargi da hari ko da kai rahoto, kada kuma a tura muryar kowa cikin WhatsApp ko Facebook. Magana ɗaya da ta fita tana iya jawo asarar rai. A ajiye littafin a akwatin ƙungiya mai makulli, a yi kwafi na biyu a ba wani amintacce, saboda gara da gobara.

Me za a yi da labarin?

Littafin da aka kulle ba a buɗewa bai amfani kowa ba. Da yardar masu labari, a riƙa karanta ɗaya a ƙarshen taron wata-wata. Mutumin da ka ji yadda ya baro rumbu cike da dawa ya iso da tabarma kaɗai, da wuya ka tsallake sunansa ranar rabon taki.

Daga cikin labaran a fitar da jerin gidajen da ba su da gona, da yaran da ba sa makaranta, da masu sana'ar da za a iya amfana da ita. Da wannan jeri ƙungiya za ta iya tunkarar ƙaramar hukuma da magana mai hujja. Inda aka tarar aron gona ba shi da shaida, a kira ɓangarorin biyu a gaban mai unguwa, a rubuta sharaɗi da iyaka, kowa ya sa hannu. Rigakafi ya fi magani. A kuma duba dokar ƙungiya, a ga ko baƙon da ke biyan kuɗinsa yana da damar a zaɓe shi cikin shugabanni.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, bayan an gama girbi an sha bikin Uhola, kafin a fara sharar gona. A fara da waɗanda suka fi tsufa, gama su ba za su jira mu ba. Ƙungiyar da ta ɗauki labarin mutum biyu a wata, cikin rani ɗaya ta sami takwas ko goma.

Tambayoyi don taronku na gaba

Gidaje nawa ne a ƙauyenku suka zo daga wani wuri, kuma nawa ne cikinsu ke cikin ƙungiya? Gonaki nawa ne na aro waɗanda shaidunsu suka tsufa? Wane tsoho ko tsohuwa ya kamata a fara zuwa wurinsa a wannan mako? Ku tattauna, ku zaɓi mutum huɗunku, ku sayi littafin.