Jarrabawar GMAT: Yadda Ake Cin Moriyar Kwanakin Ƙarshe

Duk mai burin yin digiri na biyu a fannin kasuwanci, wato MBA, a makarantu irin su Harvard a Amurka ko INSEAD a Faransa, da wuya bai ji sunan GMAT ba. Jarrabawa ce ta neman shiga irin waɗannan makarantu, an kuma fara yin ta a 1954. Ku ’yan sakandare da sauranku kafin ku kai can, amma yadda ake shirin kwanakinta na ƙarshe darasi ne da zai amfane ku tun yanzu.

A tsarinta na yanzu, ana yin ta a kwamfuta cikin awa 2 da minti 15. Sassa uku ne, kowanne minti 45: lissafi mai tambaya 21, fahimtar rubutun Turanci mai tambaya 23, sai nazarin alƙaluma da jadawali mai tambaya 20. Maki yana farawa daga 205 zuwa 805. Kwamfutar tana auna ɗalibi: idan ya amsa daidai sai ta ƙara wahalar tambaya, idan ya kuskure sai ta sassauta.

Mu duba lissafin tare. Tambaya 21 a minti 45 na nufin minti biyu da ’yan daƙiƙu ga kowace tambaya, kuma babu kalkuleta a wannan sashen. Wanda ya ɓata minti shida a kan tambaya ɗaya ya cinye rabon wasu biyu, sannan barin tambayoyi ba amsa yana zaftare maki.

Shi ya sa muke cewa makon ƙarshe ba na buɗe sabon babi ba ne, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Abin yi shi ne a zauna gwaji cikakke da agogo a gaba, a daidai lokacin da za a yi ta ainihin. Daga nan a koma kan kurakuran baya ɗaya bayan ɗaya: rashin sani ne ya jawo su, ko gaggawa? A kuma yanke tun a gida da wane sashe za a fara, tunda zaɓin na ɗalibi ne. Tambayar da ta cije, a zaɓi amsa mafi kusa, a sa mata alama a wuce. Ana iya canza amsa uku a kowane sashe idan lokaci ya rage. Ana gobe kuwa, a rufe littafi da wuri, a tanadi takardar shaida, a yi barci isasshe.

Jarrabawar JAMB da ke gabanku ita ma a kwamfuta ake yin ta, tambaya 180 cikin awa 2. Ku fara gwaji da agogo tun a wannan zangon, ku kuma buɗe littafin rubuta kurakuranku.