Ko Kun Sani? Ƙwallon Ɗan Jega Ce Ta Ba Porto Kofi Na 30

Masu cika gidajen kallon ƙwallo a Unguwar Shanu, ga abin tunawa. Ranar 7 ga Mayu, 2022, a gidan Benfica da ke Lisbon, wasa ya kai mintunan ƙarshe babu ci, sai Zaidu Sanusi, ɗan Jega ta jihar Kebbi, ya zura ƙwallo ɗaya tilo. Ita ta tabbatar wa FC Porto kofin gasar Fotugal karo na 30.

Porto ba baƙuwar kofi ba ce. Sau biyu tana lashe kofin zakarun Turai: a 1987 ta doke Bayern Munich 2-1, inda Rabah Madjer ɗan Aljeriya ya ci da dunduniya, a 2004 kuma, ƙarƙashin Mourinho, ta lallasa Monaco 3-0.