Murɗewar hanji: Yadda kuɗin sace kumburin ciki da na'ura ya bambanta tsakanin mai inshora da marar ita

Idan babban hanji ya murɗe ko ya daina motsi, iska da bayan gida kan taru a cikinsa, ciki ya kumbura ya yi tauri, majinyaci ya kasa yin tusa. A irin wannan hali likitoci kan fara gwada sace kumburin ba tare da yanka ba, ta hanyar zura na'urar leƙa hanji mai ɗauke da fitila da kyamara ta dubura, a warware murɗewar, a zuƙe iskar. Sau da yawa akan bar siririn bututu a ciki na kwana ɗaya zuwa uku domin iskar ta ci gaba da fita.

An fi yin aikin a kan larura biyu. Ta farko ita ce murɗewar ƙarshen babban hanji, wadda ta fi yawa a Afirka fiye da Turai da Amurka, kuma ta fi kama maza. Ta biyu ita ce tsayawar motsin hanji ba tare da wani abu ya toshe shi ba, wadda kan sami tsofaffi da waɗanda ke kwance a asibiti bayan tiyata ko haihuwa.

Abin da kuɗin ya ƙunsa

Kowane asibiti a Najeriya yana da nasa farashi, kuma masu zaman kansu sun fi na gwamnati tsada. Sai dai kuɗin zura na'urar wani yanki ne kawai na abin da ake kashewa. Kafin a kai ga aikin akwai kuɗin kati, da hoton ciki, da gwajin jini, da ƙarin ruwa. Bayansa akwai allurar sa barci, da magunguna, da kuɗin gado. Ga kuma kuɗin mota, domin na'urar da ƙwararrun da ke sarrafa ta sun fi samuwa a asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, da wasu manyan asibitocin kuɗi na birane.

Abin da iyalai da dama ba sa sa wa a lissafi shi ne, aikin na'urar ba ya raba mutum da cutar. Murɗewar kan dawo wa kusan rabin waɗanda aka warware wa, ko ma fiye. Shi ya sa likitoci ke ba da shawarar a yanke ɓangaren hanjin da ke murɗewa kafin a sallami majinyaci. Ke nan lissafin gaskiya ya haɗa da kuɗin tiyata.

Mai inshora

Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda aka sanya wa hannu a watan Mayun 2022, ta wajabta inshorar lafiya a kan duk mazauna ƙasar. A tsarin ma'aikatan gwamnatin tarayya, hukumar ce ke ƙayyade farashin kowane aiki, kamfanin HMO ya biya asibiti, majinyaci kuma ya biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani.

Duk da haka akwai wuraren da kuɗi kan fita daga aljihunsa. A ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita, rabin kuɗin hoton CT kawai ake biya wa majinyaci, kwanakin kwanciya na da iyaka a shekara, kuma idan magani ya yanke a asibiti sau da yawa sai an sayo a waje.

Babban ƙorafin masu inshora shi ne jiran lambar amincewa daga HMO. A 2025 hukumar ta umarci kamfanonin su riƙa bayar da lambar cikin awa ɗaya, ta kuma ce a larurar gaggawa a fara magani kafin a nemi lambar. Toshewar hanji na cikin irin wannan larura.

Marar inshora

Mafi yawan 'yan Najeriya ba su da inshora, kuma sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar daga aljihun jama'a yake fitowa. Marar inshora kan biya kowane mataki daban, kuma galibi kafin a yi masa: a biya na hoto, a kawo rasit, sannan a tafi na gwaji.

A nan ne tsadar ke ninkuwa. Na'urar tana amfani ne muddin hanjin na da rai. Idan aka shafe kwana biyu ko uku ana shan jiƙo, ko ana buga wa dangi waya ana haɗa kuɗi, jini kan yanke wa ɓangaren da ya murɗe har ya ruɓe ko ya fashe. Daga nan sai tiyatar gaggawa, da ƙarin jini, wataƙila da ɗakin kulawa ta musamman. Wasu akan fito musu da hanji ta gefen ciki, su riƙa sayen jakar bayan gida na tsawon watanni, sannan a sake wata tiyatar a mayar da shi. Haɗarin rasa rai ma ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya hana mutum maganin gaggawa, tare da tanadin tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar ba ta yafe kuɗin ba, ta dai hana a jingine ceton rai har sai an biya. Asibitocin koyarwa kuma suna da sashen jin daɗin jama'a da ke duba lamarin marasa galihu.

Rajistar inshora ba ta fara aiki ranar da aka yi ta, akwai lokacin jira. Don haka masu sana'ar kansu da ke son shiga shirin GIFSHIP na tarayya, ko na jihohi kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, ya dace su yi tun suna da lafiya. Wanda kuwa cikinsa ya kumbura, tusa da bayan gida suka ɗauke, ga ciwo ko amai, ya nufi sashen gaggawa na babban asibiti a ranar, ko yana da katin inshora ko ba shi da shi.